Tambaya da Amsa: Ina Amfanin Binciken Ƙwayoyin Halitta?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. 'Yata ta kammala digirin farko a kimiyyar sinadaran jiki, yanzu kuma ta dage cewa a digiri na biyu binciken ƙwayoyin halitta da sinadaran gado za ta yi. Ni dai ban ga asibiti a cikin zancen ba, ban kuma ga gona ba. Ina amfaninsa? Daga wani mahaifi, Gwammaja, Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Asibitin da gonar duk suna ciki, sai dai masu wannan ilimi a ɗakin gwaje-gwaje suke wuni, suna nazarin ƙwayoyin da suka haɗu suka zama jiki, da sinadarin DNA da ke cikinsu wanda yaro ke gada daga iyayensa.

Mu ɗauki sikila, wadda kusan babu unguwar da ba ta san wahalarta ba. A 1949 Linus Pauling da abokan aikinsa a Amurka suka nuna cewa matsalar tana cikin himogulobin, sinadarin da ke ɗaukar iska a jini, sannan a 1956 Vernon Ingram ya gano a Ingila cewa bambancin mai sikila da mai lafiya bai wuce tubali ɗaya tak da ya sauya a ginin sinadarin ba. Gwajin AA, AS da SS da dokar jihar Kano ta 2024 ta wajabta kafin ɗaurin aure, daga irin wannan bincike ya samo tushe. A gona kuwa, a 2019 Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru da ke Zariya ta fitar da waken SAMPEA 20-T, wanda aka sanya masa sinadarin gado da ke kare shi daga tsutsar da ke huda kwanso.

Shawarata ita ce kada sunan kwas ya ruɗe ta, domin wannan ilimi da hannu ake koyonsa. Jami'ar Bayero tana da cibiyar binciken fasahar halittu, to ta je da ƙafarta, ta tambaya ko ɗalibai da kansu suke ciro DNA su sarrafa na'urar PCR mai ninka DNA ya yi yawa don a iya nazarinsa, ko kuwa kallo kawai suke yi, ta kuma bincika yadda ake samun lantarki, tunda sinadaran gwaji sanyi suke so, in firji ya tsaya sai aikin watanni ya lalace. Kafin ta biya kuɗin rajista, ta zauna da malamin da zai duba aikinta, ta ji abin da yake bincike a kai a halin yanzu.