Kada ka sayi tikitin Kano tukuna

Wani matashi ɗan Fagge da ke tuƙin mota a jihar Texas ta Amurka ya rubuto mini. An kama shi da ƙullin tabar wiwi, lauyan da kotu ta ba shi ya ce ya amsa laifi a wuce wurin, ya amsa, aka ci shi tara. Yana da katin zama na dindindin, ga bikin ƙanwarsa bayan Sallah. Zai iya ɗaukaka ƙara? Zai iya zuwa biki?

Ƙanena, fara duba takardar hukuncin. A Texas kwana 30 ake bayarwa daga ranar yanke hukunci, kuma wanda ya amsa laifi bisa yarjejeniya ƙofar ɗaukaka ƙararsa ƙunci gare ta. Amma akwai wata ƙofar. A 2010 Kotun Ƙolin Amurka, a shari'ar Padilla da jihar Kentucky, ta ce wajibi ne lauya ya gaya wa baƙo cewa amsa laifi na iya sa a tasa ƙeyarsa gida. In naka bai gaya maka ba, sabon lauya zai iya neman a rushe hukuncin. Ka ji kalmar da kyau: rushewa saboda kuskure a shari'ar. Goge sunanka daga kundin jiha kawai, don ka yi ladabi, ba ya burge jami'an shige da fice. A wurinsu laifin na nan daram.

Sai nauyin abin. Dokar tarayya ba ta korar mai katin zama kan laifi guda na giram 30 ko ƙasa da haka, in don shan kansa ne. Sai dai wannan rangwamen na wanda ke zaune a ciki ne. Da zarar ka fita ka dawo, ana iya ɗaukarka a filin jirgi kamar mai neman shiga, a can kuwa ko giram ɗaya na iya tsayar da kai.

Don haka batun sauka a filin jirgin Malam Aminu Kano a ajiye shi. Na san Hajiya za ta ji ba daɗi, dangi kuma za su yi ta tsegumi. Aika gudummawarka ta kayan ɗaki, ka gaya wa mahaifinka gaskiya shi kaɗai. Kuɗin tikitin kuma ka kai wa lauyan da ya san shari'ar laifi da ta shige da fice duka biyun, tare da rahoton 'yan sanda mai nuna nauyin ƙullin.