Wanne littafi zan fara saya, na soshiyal wok ko na tallata ƙungiya?

Tambaya: Salam Anti. Na fara aiki da wata ƙungiya mai taimakon yara marasa galihu, kuɗin littafi ɗaya ne kacal a hannuna. In sayi na soshiyal wok (aikin kula da walwalar jama'a) ne ko kuwa irin wanda ke koyar da yadda ƙungiya za ta tsara saƙonta ta jawo masu ba da tallafi? Ni ke zuwa gidajen yaran, ni ce kuma mai rubuta abin da muke sawa a Facebook.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Fara da na soshiyal wok, tunda ƙafarki na shiga gidajen mutane.

Littattafan tsara saƙo kusan dukkansu abu ɗaya za su ce miki, ki ba da labarin mutum ɗaya da sunansa da fuskarsa, ki rage alƙaluma. Kuma ba ƙarya suke ba, a 2007 Deborah Small da George Loewenstein da Paul Slovic sun wallafa binciken da ya nuna mutane sun fi sakin kuɗi in aka nuna musu yarinya ɗaya mai suna da hoto, fiye da in aka ce miliyoyi na fama da yunwa. To amma yarinyar da za ki sa hotonta, ke ce kika zauna da ita, uwarta ta buɗe miki cikinta don ta yarda da ke, gobe kuma maƙwabta su ga hoton a waya suna nuna ta da baki. Wannan shi ke damuna wallahi. Littafin soshiyal wok ne zai koya miki riƙe sirri, da neman izini tare da faɗa wa uwar inda hoton zai je, da rubuta bayanan kes, wato halin da kowane yaro ke ciki, da sanin lokacin da matsala ta fi ƙarfinki sai an miƙa ta gaba.

Kafin ki biya, duba shekarar bugu da ƙasar da aka rubuta shi dominta, don babin dokokin kare yara na Amurka ko Ingila ba lalle ya yi aiki a inda kike ba. Ki zaɓi mai misalan hira da iyali, ba mai tiyori zalla ba.

Ɓangaren saƙo kuma ki lallaɓa da na kyauta tukuna, Dóchas, haɗakar ƙungiyoyin agaji ta ƙasar Ayilan, tana da ƙa'idoji kan amfani da hotuna da saƙonni, suna nan a intanet, ki karanta su kafin fostin ɗinki na gaba.