Jefa ƙuri'a kaɗai ne dimokuraɗiyya?

Malam, ka tambaya ko da an jefa ƙuri'a shi ke nan an yi dimokuraɗiyya. Ina! Mu 'yan Damagaram ganau ne. A 1993 namu Mahamane Ousmane ya ci zaɓen shugaban ƙasar Nijar, a 1995 'yan adawa suka kwashe rinjaye a majalisar dokoki, dole ya naɗa Hama Amadou firaminista. Suka yi ta ja-in-ja har soja suka karɓe mulki a Janairun 1996. Ƙuri'a kam an jefa ta, hukumomin ne suka kasa zama da juna. Ni abin da nake fara dubawa: alƙali yana iya hukunta minista? Mai shayi a kasuwar Dole yana iya sukar magajin gari, ya kwana a gidansa lafiya?