Yadda za ka gane injiniyan bakend na gaske

Ɗan'uwa, ka ce kana neman injiniyan bakend, wato wanda zai riƙe muku data mai yawa a kan sabobi da dama (kwamfutocin da ke ajiye data suna amsa buƙatun manhaja), amma duk CV ɗin iri ɗaya ne, kowa ya rubuta Kafka (manhajar isar da saƙonni tsakanin sassan sistem) da PostgreSQL (manhajar ajiye data), ka rasa wa za ka ɗauka.

Ni dai na daina tambayar sunan kayan aiki. Ce masa nake: kwastoma ya tura kuɗi, netwok ya yanke kafin amsa ta dawo, manhaja ta sake turawa, ya za ka hana a cire masa sau biyu? Wanda ya taɓa shan wahalar nan take zai ce a ba kowace buƙatar tura kuɗi lambarta ta daban, saba ta duba ko ta taɓa ganin ta. Sai ka tambaye shi ranar da sistem ya faɗi a hannunsa cikin dare, me ya fara dubawa.

Mu mun taɓa ɗaukar mai saurin kodin, ashe bai san Kafka a cikin fatishan ɗaya kawai (wato layi ɗaya daga layukan da take raba saƙonni a kansu) take kiyaye jerin saƙo ba, wallahi oda suka hargitse mana, mun kwana muna gyara.

In ba fanninka ba ne, ka biya gogaggen injiniya ya zauna intabiyun da kai, ko na awa biyu ne.