Tambaya da amsa: Zan tai Kano da Kaduna da motata mai lambar Nijar, me za su tambaye ni a hanya?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni mazaunin unguwar Zariya ne nan Maradi, na sayi mota okaziyon wadda aka kawo daga Lome, kuma ina son in kai mahaifiyata asibiti Kano, daga nan mu wuce Kaduna wurin 'yan uwa. Ban taɓa tuƙi cikin Najeriya ba. Hankalina ya tashi don an ce mini kowace jiha da dokarta, ana kama mota kan baƙin gilashi da kan taya, ni kuma gilashina baƙi ne. Permi, kart giriz, asirans da bizit duk ina da su. Tayoyina huɗu na Beljiyam ne amma zanensu kamar sabbi. Don Allah me ya rage mini?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya ba Hajiya lafiya. Kwantar da hankalinka, abin bai kai yadda ake ba ka tsoro ba, amma akwai abu guda cikin wasiƙarka da ya fi baƙin gilashin tada mini hankali, zan zo kanshi.

Takardun da ka lissafa na gida ne. In ka wuce Ɗan Issa ka isa Jibiya, kwastan na can za su yi maka takardar shigar da mota ta ɗan lokaci, ka riƙe ta da kyau kuma ka duba ranar da za ta ƙare. Sai maganar asirans, wanda ka yanka nan ba dole ba ne ya biya in ka buge wani a Katsina, aikin kart burun ke nan, wato katin asirans na tsallaka iyaka na ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma CEDEAO, tun 1982. Tunda Nijar ta fita CEDEAO ranar 29 ga Janairun 2025, ka taka da ƙafarka ka je kamfanin asirans ɗinka su nuna maka a rubuce cewa takardarka na aiki cikin Najeriya, kada ka tsaya kan maganar ɗan kamasho na bakin tasha.

Maganar kowace jiha da dokarta, rabi gaskiya ce. Dokar kayan mota ta tarayya ce, 'yan Road Safety ke tsare ta, kuma abin da suke nema bai canzawa daga Jibiya har Legas: gwangwanin kashe wuta mai aiki, alamar tsayawa mai kusurwa uku, tayar sakur mai iska, jak, fitilu da sigina duka na kamawa, waifa, madubai, kowa da bel ɗinshi. Abin da ke bambanta shi ne masu tsare ka. Katsina akwai KASSAROTA, Kano akwai KAROTA, Kaduna akwai KASTLEA, ga kuma VIO, masu duba lafiyar mota, na kowace jiha, kowane da kakinshi da rasit ɗinshi da wurin da ya hana ajiye mota ko juyawa, kuma ba wanda zai yi maka bayani sai ka faɗa. Wanga tsari na gajiyar da mutum ƙwarai, baƙo ba shi da inda zai je ya karanta shi wuri guda. Cikin gari ka bi a hankali, kada ka tsaya inda ka ga ba wanda ya tsaya, in an rubuta maka tara ka ce a ba ka takarda.

Baƙin gilashi kuwa, dokar hana shi a Najeriya tun 1991 take, sai da izinin 'yan sanda, kuma lambar Nijar ba ta fid da kai daga cikinta. In leda ce aka manna, je a ɓare ta kafin ka tashi, aikin awa ɗaya ne, ya fi ka tsaya jayayya a shinge da marar lafiya cikin mota.

To yanzu taya. Ka ce na Beljiyam ne amma zanensu kamar sabbi. Wanga magana ita nake ji kullum daga bakin ɗalibaina masu koyon tuƙi da ma tsofaffin direbobi, kuma ita ce ta kwantar da mutane da yawa kan hanyar Konni da ta Damagaram. Zane ba shi ne shekarun taya ba. Roba na tsufa ko an hau ta ko ba a hau ta ba, tana bushewa, tana tsagewa daga ciki inda wayoyin ƙarfe suke manne da ita, kai kuma daga waje sai ka ga haƙora ras. Da yawa daga cikin tayoyin ga an yi su ne don sanyin Turai, sun yi shekaru can, sun kwana cikin kwantena, sun zo sun sha rana a bakin kasuwa, sannan ka ɗora su kan kwaltar Afirilu lokacin da zafin Maradi ke wuce digiri 40. Najeriya ma ta hana shigo da tsofaffin tayoyi, kuma Road Safety na ɗaukar taya ta mutu in ta wuce shekara 4 daga ranar da aka yi ta. Tsuguna ka duba gefen tayarka, za ka ga an rubuta DOT, bi layin har ƙarshe akwai lambobi huɗu cikin ɗan zagaye. In ka ga 2319, sati na 23 ne na shekarar 2019. Wani lokaci rubutun na gefen ciki, sai ka leƙa ƙarƙashi da tocila. In ka ga an goge wurin ko an kankare shi, wanda ya sayar maka ya san abin da yake ɓoyewa.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne fatawar wasu masu faci, wai lokacin zafi a rage iska don kada taya ta fashe. Wallahi ƙarya ce, kuma ƙarya ce mai kisa. Taya marar cikakkiyar iska ita ke lanƙwashewa duk juyi guda, gefenta na murɗewa yana miƙewa sau dubbai, nan ne zafin ke taruwa har roba ta rabu da waya ta tarwatse. Yawancin fashewar da ake cewa zafi ne, ƙarancin iska ne da lodi da gudu. Mai faci ya buga tayar da sifana ya ce ta yi, ba geji ba komai, ka ba shi dala ashirin ka tafi da iyalinka a kai. Awon da ya dace da motarka na manne jikin ƙofar direba, ƙananan motoci galibi tsakanin 2.2 da 2.5 ne a ma'aunin iska da ake kira bar. Ka auna da safe tayar na sanyi. In ka tsaya Katsina ka auna ka ga ya ɗan ƙaru, haka aka yi ta, kada ka yarda kowa ya sace maka iska. Kuma sakur ɗin ma taya ce, ba tsumman da za a nuna ma jami'i ba, ranar da za ka buƙace ta cikin daji kake. Mutum zai kashe miliyoyi ya sayi mota, ya sa mata leda da fitilu masu kashe ido, amma taya sabuwa ya ce ta yi tsada, alhali ran mahaifiyarshi ne a kan robar nan, amana ce da za a tambaye shi.

In Allah ya kiyaye ta fashe kana gudu, kada ka taka birki da ƙarfi, riƙe sitiyari da hannu biyu, ɗaga ƙafa daga totur sannu-sannu, bar motar ta rage da kanta sannan ka sauka gefe ka sa alamarka nesa da mota, ba ganye da duwatsu ba.

Don haka in kuɗinka ba su kai huɗu ba, sayi biyu sababbi yanzu a sa su baya, sauran biyun in kwanansu ya wuce ka jinkirta Kaduna, ka tsaya Kano har ka canza su. Ka tashi Maradi bayan asuba don ka wuce Jibiya da rana tsaka, hanyar nan ba a yi mata dare saboda 'yan bindiga, dawowa ma haka.