Tambaya da Amsa: Me ya sa gwajin sanƙarau ba ya nuna komai?

Tambaya: Likita, ina aikin jinya a wani ƙaramin asibiti kusa da Marwa, a ƙasar Kamaru. Lokacin zafi mukan ɗebi ruwan ƙashin baya mu aika ɗakin gwaji, sai a ce ba ƙwayar cutar da ta tsiro. Firji muke sa shi kafin mota ta zo. Ina matsalar take?

Amsa: Ɗan'uwa, firjin ne. Ƙwayar meningokok, mai haddasa sanƙarau, ba ta jure sanyi, kafin ta isa ta mutu. Ruwan yana son ya kai ɗakin gwaji cikin awa 1. In hanya ta yi nisa, a nemi kwalbar Trans-Isolate, wadda ke ɗauke da sinadarin da ke raya ƙwayar cutar a hanya. Ita kam a firji ake ajiye ta tun ba a yi amfani da ita ba, amma a fito da ita sanyinta ya sake tukuna, a goge murfin robar da alkol, a zuba mililita 1 na ruwan da allura mai tsabta. Daga nan kada ta koma firji.

Ragowar ruwan da za a yi wa gwajin PCR (mai gano ƙwayar cutar ko da ta mutu), wannan sanyi ba ya ɓata shi.

A ɗebi ruwan kafin allurar ceftriaxone, maganin da ke kashe ƙwayar cutar, amma don Allah kada a jinkirta wa majinyaci magani saboda jiran ɗiba.