Wai Fir'auna kaɗai Misirawan da suke bauta wa?

Malam ka tambaya ko Fir'auna kaɗai mutanen Masar na da suke bauta wa, a'a wallahi, allolinsu sun fi a ƙirga. Akwai Ra na rana, ga Osiris sarkin matattu da matarsa Isis, ɗansu Horus mai kan shaho, shi ne ma ake cewa Fir'auna ke wakilta. Wanda ya fi ɗaure min kai Anubis ne mai kan dila, wai in mutum ya mutu sai ya ɗora zuciyarsa a sikeli da gashin tsuntsu ɗaya na Ma'at, allahiyar gaskiya da adalci, in zuciyar ta fi nauyi wata dodanniya Ammit mai kan kada ta lamushe ta, shikenan. Wani Fir'auna mai suna Akhenaten ya so a koma bautar Aten, wato faifan rana, shi kaɗai, yana mutuwa aka watsar.